Babban Ja: Alƙalamin 1921 da Maƙeran da Suka Ƙi Barinsa Ya Mutu

A shekarar 1921, a wani ɗan gari mai suna Janesville da ke jihar Wisconsin ta Amurka, kamfanin Parker ya fito da wani alƙalami mai shan tawada da ya saɓa wa duk abin da ido ya saba gani. A wancan zamani kusan kowane alƙalami baƙi ne siriri, sai ka ce an yi musu anko. Shi kuwa wannan ƙato ne, tsawonsa ya tasam ma santimita 14 idan yana rufe, jikinsa ja mai sirkin ruwan goro, samansa da ƙasansa baƙaƙe kuma a shafe kamar an datse su da wuƙa. Aka raɗa masa suna Duofold, aka yanka masa kuɗi dala 7, kusan ninkin abin da mutane suka saba biya. Masu saye kuma suka yi masa laƙabi da Big Red, wato Babban Ja.

Shekara ɗari da 'yan kai ke nan. Masana'antar da ta haife shi ta daina ƙera alƙalami, amma wanda ya leƙa ƙananan rumfunan masu ƙirar alƙalami da hannu, a kudancin Indiya ko Amurka ko Turai, zai tarar da wani a sunkuye gaban injin fiƙa, yana fitar da wannan siffa daga jikin sandar roba. Kafin a gane dalilin da ya sa suka maƙale mata, sai an koma baya can, tun lokacin da babu ko alƙalamin.

Duk wanda ya taɓa rubutu da alƙalamin kara ya san wahalar: ka tsoma a kurtu, ka rubuta kalma uku ko huɗu, ka sake tsomawa. Turawa ma haka suka yi ta fama da gashin fiffiken dinya, daga baya da bakin ƙarfe da garin Birmingham na Ingila ya riƙa bugawa birjik daga shekarun 1820. Burin marubuta bai wuce a sami alƙalamin da zai ɗauki kurtunsa a cikinsa ba, kuma burin ya daɗe. Alƙali Nu'uman, babban alƙalin daular Faɗimiyya, ya ba da labari a littafinsa Kitabul Majalis wal Musayarat cewa Halifa Mu'izzu li-Dinillahi, wanda ya hau mulki a 953, ya nemi a ƙera masa alƙalamin da zai riƙe tawadarsa, ya yi rubutu idan an so, ya kuma ƙi ɓata hannu ko tufa. Cikin 'yan kwanaki maƙeri ya kawo na zinariya. Da aka gwada sai aka ga yana sakin tawada fiye da kima, aka mayar masa ya gyara. Alƙalamin bai iso gare mu ba, amma aibin da aka fara kama shi da shi, wato zubar da tawada, shi ne ya ci gaba da hana maƙera barci har shekara ɗari tara bayan nan. A 1827 wani ɗalibi ɗan Romaniya, Petrache Poenaru, ya yi rajistar nasa a Paris, wasu da dama suka biyo baya, duk dai kanwar ja ce: ko alƙalami ya ƙi sakin tawada, ko ya amayo ta gaba ɗaya a kan takarda.

Abubuwa uku ne suka tsaya a gaba. Na farko baki, domin tawadar wancan zamani tana da tsami, tana cin ƙarfe. Zinariya ba ta tsatsa, sai dai taushinta ya yi yawa, takarda kan cinye tsininta. A 1834 John Isaac Hawkins ya dace da dabarar liƙa wani ɗan ɗigon ƙarfe mai tsananin tauri, iridiyom, a kan tsinin zinariyar. Har gobe sunan da ake kiran ɗigon ke nan, ko da yake masana'antu sun koma amfani da wasu ƙarafa danginsa.

Na biyu gangar jiki. Charles Goodyear ya yi rajistar dafa danƙon roba da farar wuta a 1844, ɗan'uwansa Nelson kuma ya gano cewa idan aka ƙara farar wutar har ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku, aka tsawaita dahuwa, robar kan sandare ta yi baƙi kamar itacen kanya. Ya yi rajistar wannan a 1851. Ita ce ebonait. Tawada ba ta cinta, ba ta da nauyi, ba ta sanyi a hannu kamar ƙarfe, kuma tana fiƙuwa a inji kamar itace. A riƙe wannan siffa ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Na uku shi ne ainihin ƙashin bayan lamarin. Ka kifa kwalba cike da ruwa, za ka ji tana ɓul-ɓul, domin ruwa ba ya fita sai iska ta shiga ta maye gurbinsa. Haka cikin alƙalami yake. Idan iska ta shiga da yawa a tashi ɗaya, tawada ta ɓalle. Idan ta rasa hanya, rubutu ya tsaya cik. Lewis Edson Waterman, wani dillalin inshora a New York, ya sami takardar rajista ranar 12 ga Fabrairu, 1884, a kan wani ɗan tsinken ebonait da ke kwance a ƙarƙashin baki. Ya yanka masa kwari ɗaya domin iska, a ƙasan kwarin kuma ya tsaga wasu siraran layuka kamar gashi, waɗanda ke jan tawada yadda lagwani ke jan kananzir. Wannan tsinke shi ne magudana. Akwai labarin da aka daɗe ana yayatawa, wai alƙalami ne ya yi masa ambaliya a kan takardar wata babbar yarjejeniya, ciniki ya kuɓuce, haushi ya sa ya shiga ƙira. Labari ne mai daɗi, amma masu bin diddigi sun nuna cewa bayan rasuwarsa a 1901 'yan talla suka yaɗa shi. Magudanar dai gaskiya ce.

A nan George Safford Parker ya shigo. Malamin koyar da aikin wayar tangarahu ne a Janesville, yana ɗan sayar wa ɗalibansa alƙaluman wani kamfani don ya cike gibin albashi. Alƙaluman suna yoyo, ɗalibai suna dawo masa da su, yana gyarawa, har gyara ya koya masa ƙira. Ya kafa kamfaninsa a 1888. A 1894 ya fito da magudana mai lanƙwasa a gindi wadda ke taɓa bangon ciki, ta yadda idan alƙalami yana tsaye a aljihu, ragowar tawada za ta gangara ta koma ma'ajiyarta. Ya kira ta Lucky Curve.

Sauran rigima ta koma kan yadda za a shayar da alƙalamin. Da farko sai an kwance shi an ɗura masa tawada da abin ɗiga maganin ido. Sannan aka sa masa wata 'yar salkar roba a ciki, kowane kamfani da dabararsa ta matse ta. Conklin na garin Toledo ya sa wani ƙarfe mai siffar jinjirin wata a gefe. Walter Sheaffer, mai shagon kayan ado a Fort Madison, ya yi rajistar ɗan hannun da ake ɗagawa a 1908. Parker ya ɓoye maɓalli a gindi, a ƙarƙashin wani ɗan murfi: ka danna, salka ta motse, ka saki, ta zuƙi tawada. Wannan maɓalli ne aka sa wa Duofold.

Shawarar yin Duofold ba daga babban ofis ta fito ba. Wani wakilin kamfanin a garin Spokane, Lewis Tebbel, shi ya nace cewa akwai masu son babban alƙalami mai tsada da za a hango daga nesa. Shugabanni suka yi ɗari-ɗari, domin kasuwa ta faɗi a Amurka a 1920 zuwa 1921, wa zai fid da dala 7 a kan abin rubutu? Ashe Tebbel ya fi su sanin zuciyar ɗan Adam. Mutumin da ya soke Babban Ja a aljihun gaba yana shelar cewa shi ba ƙaramin mutum ba ne, tun kafin ya buɗe baki. Kamfanin ya ba da lamunin shekara 25 a kan bakin zinariyar, ya cika jaridu da talla, kafin a ce me abokan gasa sun fara fito da nasu ƙattin jajayen.

Amma ebonait ɗin da ake ƙera su da ita tana da aibu biyu. A lokacin launukanta kaɗan ne, baƙi ko ja ko gaurayensu, jar kuma ta fi saurin tsagewa. Sannan idan ta sha rana, baƙinta kan koɗe ya koma kalar ƙasa. Saboda haka da Sheaffer ya fito da koren alƙalami na selulod a 1924, kasuwa ta juya. Selulod, wadda ake haɗawa da auduga da aka jiƙa a ruwan asid da kuma kafur, tana karɓar kowane launi, tana da wani zurfin ƙyalli kamar dutsen ado. Parker ya bi sahu a 1926, ya kira tasa Permanite, ya riƙa tallar cewa an jefo alƙalamin daga jirgin sama, an wurga shi cikin kwazazzabon Grand Canyon, bai fashe ba. A 1927 aka yi ruwan ɗorawa da ake kira Mandarin. Bai karɓu ba, ga shi da saurin tsagewa a bakin murfi, don haka kaɗan suka rage. Yau shi ne masu tara tsofaffin alƙaluma ke rububi a kai. Abin da kasuwa ta ƙi jiya shi ya fi tsada yau.

Zamanin shafaffen kai bai daɗe ba. A 1929 Sheaffer ya kawo Balance mai tsini gaba da baya, Parker ya rage wa Duofold kaifin kafaɗa, sannan sababbin alƙalumansa, Vacumatic ta 1933 da Parker 51 ta 1941, suka ture Duofold gefe. Kamfanin dai ya daɗe yana alfahari da cewa jan Duofold na cikin alƙaluman da Janar Douglas MacArthur ya sa hannu da su a takardar miƙa wuyar Japan ranar 2 ga Satumba, 1945.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne abubuwa biyu suka haɗu suka kashe tsohuwar sana'ar. Ɗaya kowa ya san shi, har sunan mai shi muke kira kullum ba tare da mun lura ba: László Bíró, ɗan jarida daga Hangari wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1938, ya yi hijira zuwa Ajantina ya sake yin wata a 1943. Ranar 29 ga Oktoba, 1945, kantin Gimbels na New York ya fara sayar da biron Reynolds a kan dala 12 da rabi, mutane suka yi dafifi. A 1950 Marcel Bich ya fito da Bic Cristal a Faransa, biro ya zama abin da ake saye a yar. Na biyun ba a cika ambatonsa ba, alhali a ganina shi ya fi yin ɓarna. Masana'antu sun koma narka roba suna ɗura ta a mazubi, gangar alƙalami ta fito cikin daƙiƙoƙi. Kafin nan, ko a babbar masana'anta, akasari daga sanda ko bututu ake fiƙe alƙalami, a huda shi, a yanka masa tiredi, a goge. Siffar Duofold, miƙaƙƙiyar ganga mai datsattsen kai, siffa ce da injin fiƙa ya haifa. Shi ya sa mai ƙaramar rumfa a yau yake iya yin ta ba tare da ya yi ha'inci ba, domin hanyar da aka bi tun farko ita yake bi.

Akwai wuraren da igiyar ba ta taɓa tsinkewa ba. A garin Rajahmundry da ke bakin kogin Godavari a Indiya, K.V. Ratnam ya fara ƙera alƙalami a 1932, a lokacin da Mahatma Gandhi ke kiran 'yan ƙasarsa su bar kayan Ingila su koma na gida. Ya aika wa Gandhi na ebonait, ranar 16 ga Yuli, 1935 kuma amsa ta zo daga Wardha, inda Gandhi ya ce ya yi amfani da shi, kuma ya ga zai iya maye gurbin na waje da ke kasuwa. Zuri'arsa ta riƙe sana'ar, har a 2019 firaministan Indiya Narendra Modi ya ba shugabar gwamnatin Jamus Angela Merkel kyautar alƙalamin Ratnam. A Chennai da Tiruvallur da Hyderabad ma akwai gidajen da ba su daina fiƙar ebonait ba, da yawa daga alƙalumansu kuma in ka gani ka ga jikokin Babban Ja: shafaffen kai, ƙaton ciki, sai dai akasari an cire salka da maɓalli, an koma ɗura tawada kai tsaye a ganga kamar na kakanni. Talauci ne ya tsare musu sana'ar, domin mazubi na ƙarfe yana da tsada, tsohon injin fiƙa kuwa yana nan a tsakar gida.

Japan ta bi tata hanyar. Ryosuke Namiki, wanda ya kafa kamfanin da ya zama Pilot a 1918, ya magance koɗewar ebonait da urushi, wato ruwan wata bishiya da Japanawa suka daɗe suna shafe akusa da shi. Daga nan masu zane suka fara yayyafa garin zinariya a kan shafen, a 1930 kuma aka ƙulla yarjejeniya da kantin Dunhill na Landan. Shi urushi iska ba ta busar da shi, laima ce ke sandarar da shi, don haka sai a yi shafe, a ajiye a akwati mai danshi, a goge, a sake shafawa, alƙalami ɗaya ya ci watanni. A 1999 Toshiya Nakata, jikan wanda ya kafa kamfanin Platinum a 1919, ya tattaro tsofaffin ma'aikatan kamfanin da suka yi ritaya, ya buɗe Nakaya, ya farfaɗo da sunan da kakansa ya fara ciniki da shi. Shi kansa Parker ya dawo da Duofold domin bikin cikar kamfanin shekara 100 a 1988, wannan karon daga masana'antarsa ta Newhaven a Ingila. Da intanet ta zo, mai ƙira ɗaya a bayan gidansa ya sami hanyar isa ga mai saye a wata nahiya, sai rumfuna suka yawaita.

To, yaya ake aikin? Maƙeri kan fara da tsohon alƙalamin a gabansa, ko zanensa, ya auna komai. Ya sayo sandar ebonait, wadda masu yin ta a duniya 'yan ƙalilan ne, irin su Nikko Ebonite a Tokyo da wasu masana'antu a arewacin Jamus da Indiya. Ya datsa ta uku: murfi, ganga, da mariƙi inda yatsu ke zama. Hudar ganga ita ce ta fara gwada haƙurinsa. A hankali ake yi, ana sauya bakin mahuji daga ƙarami zuwa babba, ana janyewa ana share dusa, domin zafi na ƙona ebonait, ga ta da dakusar da wuƙa. Duk ɗakin kan ɗauki warin farar wuta. Sai tiredi, inda ake gane gwani. Murfi mai kyau ana yanka masa tiredi mai bakin shiga biyu ko uku, don ya buɗe da juyi ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma akwai tsofaffin maƙera a Indiya da Japan da ke yanka shi da wuƙar hannu yayin da sanda ke juyawa, ido da yatsa su ne ma'auni. A cikin murfin kuma dole a bar wata 'yar kafaɗa da bakin mariƙi zai dafa ya toshe iska, in ba haka ba tawada ta bushe kafin gobe. Mai saye ba zai taɓa ganin wannan kafaɗa ba, amma ita ce ke raba alƙalami da abin ado. Bayan an fitar da siffar waje sai guga da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, da ruwa, har ƙyalli ya fito.

Duk wannan gangar jiki ce. Idan aka zo baki sai labari ya sauya, kuma nan ne ya kamata mai saye ya buɗe kunne. Yawancin masu ƙirar hannu ba sa yin baki. Sayensa suke yi a shirye, haɗe da magudanarsa ta roba, akasari daga kamfanoni biyu na Jamus, JoWo a Berlin da Bock a Heidelberg. Ba laifi ba ne, bakunan suna da kyau. Amma ƙera baki wata sana'a ce daban: a murza zinariya mai karat 14 ta yi falle, a yanke, a lanƙwasa, a narka ɗigon nan a tsini, a tsaga shi biyu da faifai mai kaurin gashi, sannan a wasa. Masu iya wannan da hannu ba su da yawa. Waɗanda suka fi naci sukan tsaya a tsakiya, su sayi baki amma su yanka magudanar ebonait da kansu, su tsoma ta a ruwan zafi ta yi laushi, su danna ta a jikin bakin har ta kwanta luf. Wasu kuma sukan nemo tsohon bakin zinariya daga alƙalamin da gangarsa ta fashe, su gina masa sabon gida. A wurina wannan ne ya fi kusa da ruhin abin.

Launi ma yana ba da wahala. Selulod na gaske tana kama wuta kamar fetur, kuma sai ta yi watanni tana tsumuwa kafin ta fiƙu, don haka masu yin ta sun ƙaranta, akasari an koma akirilik. Akirilik ba ta koɗewa, ba ta tsagewa da sauƙi, amma wanda ya taɓa riƙe tsohuwar ebonait ya san ɗuminta a hannu daban ne. Ban ga aibin mai kwaikwayo ba matuƙar ya buga sunansa a jikin aikinsa, ya kuma faɗi abin da ya ƙera da abin da ya sayo. Wanda ya buga sunan Parker a kan abin da ya fiƙe jiya, ya sayar a matsayin na 1927, wannan ɓarawo ne, komai kyan hannunsa.

Idan mai karatu ya ci karo da irin wannan tsohon alƙalami a akwatin mahaifi ko kaka, kada ya yi gaggawar danna maɓallin, domin salkar ciki ta riga ta bushe, sai an sauya ta. Kada ya jiƙa gangar a ruwa, kada ya bar ta a rana. Kuma don Allah kada a ɗura masa tawadar allo: ƙaron da ke cikinta zai toshe magudanar.